Me Ya Kawo Tagulla Cikin Zancen Manyan Sojoji, da Kuɗi, da Rashin Kunya a Ingilishi?

Wani mai koyon aikin fassara ya aiko da tambaya cewa yana yawan cin karo da kalmar "brass" a jaridun Ingilishi, a wuraren da ba a zancen maƙera ko kasuwar ƙarafa. Ya ga "top brass" a labarin sojoji, ya ga "get down to brass tacks" a labarin sasanta rikicin albashi, ya kuma ga an ce wani ɗan siyasa yana da "brass neck". Da ya duba ƙamus sai ya tarar an ce masa tagulla, maganar kuma ba ta zauna ba. Yana so ya san abin da ya haɗa waɗannan maganganu, da asalinsu, da yadda zai mayar da su Hausa.

Malam, ƙamus ɗinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ba ka sunan ƙarfen ne bai ba ka matsayinsa a idon Bature ba, alhali a wurin nan ne amsar take. Abin da Ingilishi ke kira "brass" gami ne na jan ƙarfe da tutiya, galibi wajen kashi biyu cikin uku jan ƙarfe ne, sauran kuma tutiya. Wanda ake kira "bronze" kuwa gami ne na jan ƙarfe da kuza. Mu a Hausa kalmar tagulla takan ɗauki duka biyun, shi ya sa muke cewa lambar tagulla ga wanda ya zo na uku a gasa. Kada wannan ya ba ka kunya, domin tsohon Ingilishi ma bai raba su ba, kuma har yau Turawa suna kiran kayan tarihin masarautar Benin da sunan "bronze", alhali akasarinsu da gamin tutiya aka zuba su. Wanda ya taɓa riƙe tasa ko buta irin ta maƙeran Bida ya san halin wannan ƙarfe: idan an goge shi yana walƙiya kamar zinariya amma ba zinariya ba ne, yana da tauri, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, idan aka ƙwanƙwasa shi kuma yana amo. Kusan duk maganganun da ka tambaya daga waɗannan halaye suka tsiro, musamman na farkon, wato kama da zinariya ba tare da darajarta ba.

Bari mu fara da kuɗi, domin a nan ne alaƙar ta fi fitowa fili. A arewacin Ingila, musamman yankin Yorkshire da Lancashire, talaka yakan kira kuɗi "brass" kai tsaye, saboda ƙananan tsabar da suke shiga hannunsa ba na zinariya ko azurfa ba ne. Daga nan aka sami karin maganar da ta fi kowace shahara a wannan yanki, "where there's muck, there's brass", ma'ana inda ƙazanta take, nan kuɗi suke. Tunanin ya daɗe, domin John Ray ya kawo shi a tarin karin maganarsa na shekarar 1678 da lafazin "muck and money go together", a lokacin da kalmar "muck" ta fi nufin taki, wato manomin da bai ƙyamaci taki ba shi ke cika rumbu. Da zamanin masana'antu ya zo, garuruwa irin su Bradford da Leeds da Sheffield suka turnuƙe da hayaƙin kwal, sai maganar ta koma amsar da mai masaƙa ko mai maƙera yake bai wa wanda ya raina garinsu saboda baƙin hayaƙi. Akwai alfahari a cikinta, akwai kuma ɗan gatse ga mutanen kudu masu farar riga. Idan za ka fassara ta, ka tuna da ɗan gwangwan da ke yawo a bola yana tsintar ƙarafa har ya gina gida, sai ka ce sana'ar da ake ƙyama ita ke da kuɗi a cikinta. "Sai an sha wuya akan sha daɗi" ta yi kusa, amma ta rasa warin da ke cikin ta asalin, domin Baturen ba wahala kaɗai yake nufi ba, dauɗa yake nufi.

Abin mamaki shi ne ƙarfen da yake nufin dukiya a arewa, shi ne kuma ma'aunin rashin daraja a "not worth a brass farthing". Shi "farthing" rubu'in kwabo ne na tsohon lissafin Ingila, guda 960 ke yin fam ɗaya, kuma an daina karɓarsa daga ƙarshen shekarar 1960. Tun 1613 aka fara buga shi da ƙarfe mai araha bisa izinin da Sarki James na Ɗaya ya bai wa Lord Harington, mutane kuma ba su ɗauke shi da mutunci ba. Wani abin da ya ƙara zubar da darajar kuɗin tagulla shi ne abin da ya faru a Ailan tsakanin 1689 da 1690, lokacin da Sarki James na Biyu, bayan an tumɓuke shi daga sarautar Ingila, ya rasa azurfar biyan sojojinsa, ya sa aka narka tsofaffin igwa da ƙararrawa da tarkacen ƙarafa aka buga kuɗi da su, da alkawarin za a musanya wa kowa da azurfa idan ya ci yaƙi. Bai ci ba, an karya shi a bakin kogin Boyne a 1690, waɗanda suka riƙe kuɗin kuma suka tashi a tutar babu. A nan aikinka mai sauƙi ne, domin Hausa tana da nata ma'aunin: bai kai anini ba, ko ba shi da ko sisin kwabo. Shi kansa kwabon daga kalmar Ingilishi "copper" muka aro shi, wato jan ƙarfe, ka ga ke nan mu ma da sunan ƙarfe muke kiran ƙaramin kuɗi ba tare da mun lura ba. Mutanen Ostireliya da New Zealand suna da tasu, "not a brass razoo", ko da yake ba a taɓa buga wani kuɗi mai wannan suna ba.

Kama da zinariya ta haifar da wata kalma da ba ta ambaci ƙarfen da sunansa ba amma 'yar gida ɗaya ce. Wani mai ƙera agogo a Landan, Christopher Pinchbeck, wanda ya rasu a 1732, ya haɗa wani gami na jan ƙarfe da tutiya da ake yin kayan ado masu kama da na zinariya da shi, har sunansa "pinchbeck" ya zama kalmar da ake siffanta duk abin da yake jabu. Haka ma "brassy", idan aka faɗa wa mace ko murya ko launin gashi, ana nufin abu mai ƙyalli da hayaniya amma babu aji, kuma ba yabo ba ne ko kaɗan.

Yanzu ga wadda na fi so a yi hattara da ita, wato rashin kunya. Bature fari ne, idan ya ji kunya fuskarsa takan yi ja kowa ya gani, don haka a wurinsa alamar marar kunya ita ce fuskar da ba ta sauya launi, kamar an zuba ta da tagulla. Shakespeare ya yi amfani da wannan hoto a wasansa "Love's Labour's Lost", wanda aka buga a 1598, inda wani ya ce "Can any face of brass hold longer out?", wato shin akwai fuskar tagullar da za ta ƙara jure wannan tonon asiri? Kalmar "brazen", wadda asalinta ke nufin abin da aka yi da tagulla, a yau kusan ba ta da wata ma'ana a bakin mutane sai ta aikata laifi a fili ba tare da kunya ba. Daga wannan jijiya "bold as brass" da "brass neck" suka fito, ta biyun kuma an fi jin ta a Birtaniya da Ailan, ba kasafai Ba'amurke ke faɗinta ba.

Za ka ci karo da wani labari mai daɗi game da "bold as brass". An ce wai daga sunan Brass Crosby ta samo asali, mutumin da ya zama Magajin Garin Landan a 1770. Mutumin na gaskiya ne, abin da ya yi ma na gaskiya ne: a 1771, lokacin da majalisar dokoki ta hana buga muhawarorinta a jarida, aka kama wani maɗaba'i aka kawo gabansa, ya sake shi, majalisar ta fusata ta sa aka tsare shi kansa Crosby a Hasumiyar Landan na wasu makonni, bayan wannan dambarwa kuma ba a ƙara iya hana 'yan jarida ɗauko zaman majalisa ba. Amma ni ban karɓi cewa shi ne asalin maganar ba. Tagulla ta riga ta zama alamar tsaurin ido fiye da shekara ɗari da hamsin kafin a yi wannan rikici, kamar yadda baitin Shakespeare ya nuna, sannan maganar ba yabon jarumi take yi ba, zargin marar kunya take yi. Abin da ya fi kama hankali shi ne kalmomin biyu duk da harafin "b" suka fara, Ingilishi kuma yana son irin wannan jerin sauti a kamance, kamar yadda mu ma muke son amsa-amo a karin magana.

Wajen fassara kuwa, ka lura cewa Bature ya ajiye rashin kunya a fuska da wuya, Bahaushe kuma ya ajiye shi a ido. Saboda haka "brass neck" tsaurin ido ne, ko fitsara, ko ƙarfin hali irin na ɓarawo da sallama. Kuskuren da na sha gani a takardun ɗalibai shi ne su ga an ambaci wuya da ƙarfe sai su rubuta taurin kai. Ba haka ba ne. Mai taurin kai ba ya jin magana, amma mai "brass neck" shi ne wanda zai ci bashinka bai biya ba, gobe ya dawo da fara'a ya ce ka ƙara masa.

"Top brass" ta fi sauƙi. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙananan sojojin Birtaniya suka fara kiran manyan hafsoshinsu "brass hats", saboda adon zare mai ruwan zinariya da ke bakin hulunansu. Ka lura da shaƙiyancin da ke ciki: adon na zinariya ne a hukumance, amma kurtu ya ce tagulla ce. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka yaɗa kalmar, ta taƙaice ta koma "the brass" ko "top brass", ta kuma fita daga bariki ta shiga 'yan sanda da kamfanoni da jam'iyyu. Hausa ma da abin da ke jikin kaki take auna muƙami, muna cewa mai igiya uku, muna cewa mai anini biyu. Idan labarin na soja ne ka ce manyan hafsoshi, idan na jam'iyya ko kamfani ne ka ce jiga-jigai ko ƙusoshi. Sai dai ka sani cewa a kunnen Bature kalmar tana ɗauke da ɗan raini, irin na wanda ke ƙasa yana hangen waɗanda ke ba da umarni daga ofis, don haka ba a rubuta ta a wasiƙar girmamawa.

Tun da an ambaci ƙusa, sai mu zo kan "get down to brass tacks", wadda take nufin a bar kewaye-kewaye a zo kan gundarin magana, musamman batun kuɗi da sharuɗɗa. Su "tacks" ƙananan ƙusoshi ne masu faɗin kai. Maganar 'yar Amurka ce, kuma mafi daɗewar rubutunta da aka gano yana cikin wata jaridar Houston ta jihar Texas a 1863. Ana kawo mata asali iri uku. Wasu sun ce masu sayar da yadi ne suke kafa irin waɗannan ƙusoshi a kan kanta don auna tsawo, saboda haka mai saye zai ce a daina awo da hannu a kai kan ƙusa. Wasu sun ce daga masu gyaran kujeru ne, waɗanda sai sun yaye yadi sun kai ga ƙusoshin kafin su ga ainihin ɓarnar. Wasu kuma sun ce salon 'yan gabashin Landan ne na sakaya kalma da wadda ta yi amo da ita, "tacks" a madadin "facts", wato gaskiyar al'amura. Na ukun shi ne mafi rauni a ganina, domin da wuya zancen unguwannin Landan ya fara ɓulla a Texas kafin a ji shi a gidansa. Na farkon ya fi kwanta mini, amma babu wata shaida daga wancan zamani da ta yanke hukunci, kuma mai fassara ba ya buƙatar hukuncin kafin ya yi aikinsa.

Wata 'yar Amurka kuma ita ce "grab the brass ring". A wuraren wasa na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 akwai lilo mai juyawa da dawakan katako, a gefensa kuma akwai wani hannu da ke sako zobba ɗaya bayan ɗaya. Yawancin zobban na baƙin ƙarfe ne, jefi-jefi ake samun na tagulla, wanda ya miƙa hannu ya cafke shi kuma yakan sami hawa kyauta. Yau ana faɗinta ga wanda ya kai ga babban rabo, ko ya yi kasadar nemansa. Wannan na daga cikin wurare ƙalilan da tagulla ta fito da mutunci a Ingilishi, dalili kuwa an jera ta ne da baƙin ƙarfe ba da zinariya ba.

Akwai kuma tagullar littattafai, wadda ba ka cika jin ta a titi ba amma za ka gamu da ita a huɗuba da jawabi. Fassarar Baibul ta Sarki James, ta shekarar 1611, ta kawo "sounding brass, or a tinkling cymbal" a farkon babi na 13 na wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, inda aka kamanta mai iya magana marar ƙauna da ƙarfe mai amo. Daga nan "sounding brass" ta zama sunan duk zance mai ƙara marar ciki, abin da Bahaushe zai kira holoƙo hadarin kaka. A wasan "Henry VIII" kuma, wanda Shakespeare ya rubuta tare da John Fletcher, an ce "Men's evil manners live in brass, their virtues we write in water", wato sharrin mutum a tagulla ake zana shi, alherinsa kuwa a kan ruwa. Ba za a ji ƙarfin wannan ba sai an san cewa tun ƙarni na 13 ake kafa allunan tagulla a kan kaburburan manya a cikin majami'un Ingila, da siffar mamaci da sunansa, da yawansu kuma suna nan har yau. Dangin wannan allo ne wanda likita ko lauya ke maƙalawa a ƙofarsa, daga shi kuma aka sami "brass plate company", kamfanin da ba shi da komai a ƙasa sai suna a jikin ƙofa, irin waɗanda ake buɗewa don kauce wa haraji.

Na bar biri, wato "monkey", sai yanzu saboda shi ya fi kowa jawo gardama. Idan sanyi ya tsananta, ɗan Birtaniya yakan ce "brass monkey weather", ko kawai "it's brass monkeys". Cikakkiyar maganar tana cewa sanyin ya isa ya tsinke wani sashe na jikin birin tagulla, sashen da ba a ambata a gaban manya, kalmar da aka yi amfani da ita kuma tana iya nufin ƙwallo. Wannan harshen damo ne ya ba da ƙofar wani labari da ya zagaye intanet, cewa wai a jiragen yaƙi na da akwai wani faranti na tagulla mai suna "monkey" da ake jera dalar ƙwallayen igwa a kansa, idan sanyi ya yi yawa sai farantin ya tsuke ƙwallayen su gangaro. Labarin ba shi da tushe. Ba a sami wannan suna ga irin wannan faranti a takardun jiragen wancan zamani ba, ƙwallayen igwa kuma a cikin ramukan da aka fafe a jikin katako ake ajiye su, domin babu mai hankalin da zai jera dala a kan jirgin da igiyar ruwa ke wujijjigawa. Bambancin tsukewar tagulla da ta baƙin ƙarfe a sanyi ma ƙanƙane ne ƙwarai, bai isa ya motsa komai ba. Masana tarihin rundunar ruwan Amurka da kansu sun yi watsi da wannan bayani.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen kansu. A ƙarni na 19 abin da ake cewa zai tsinke shi ne wutsiyar birin, ko hancinsa, ko kunnuwansa, ba kuma sanyi kaɗai ake aunawa da shi ba. Herman Melville, a littafinsa "Omoo" na 1847, ya sa wani yana cewa zafi ya isa ya narkar da hancin birin tagulla. Faranti ba shi da hanci, ba shi da wutsiya. Biri ne dai na ado da aka zuba da ƙarfe, ana nufin yanayin ya kai inda ko wanda ba shi da jini a jika zai ji a jikinsa, daga baya ne bakin 'yan bariki ya sauya gaɓar zuwa wadda ta fi ba da dariya. A Hausa ka ce muku-mukun sanyi, ko jaura mai ratsa ƙashi, kuma kada ka yi amfani da cikakkiyar ta Ingilishin a gaban wanda kake jin nauyinsa.

Saura biyu da za su iya ruɗa ka. "Brassed off" tana nufin mutum ya ƙosa, abu ya ishe shi, ta kuma yaɗu ne daga bakin sojojin Birtaniya a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ita kuwa "brassic", da za ka ji matasan Ingila suna faɗa idan aljihu ya bushe, ba ta da dangantaka da tagulla ko da yake kunne zai ce akwai, musamman tun da maganar kuɗi ce. Asalinta "boracic lint", wani ƙyallen ɗaure rauni na da, wanda 'yan gabashin Landan suka sakaya kalmar "skint", wato rashin ko sisi, da shi saboda amonsu ɗaya, baki ya tauna kalmar farko har ta koma haka. Idan ta zo maka a fassara, ka rubuta cewa ba shi da ko ƙwandala.